Bayan An Kwance Mari, Wa Zai Riƙe Amanar?

A wannan watan za mu taɓo wata magana ce wadda da yawa daga cikinmu ba ma so a yi ta a bainar jama'a, wato maganar 'yan'uwanmu masu taɓin hankali, da kuma irin nauyin da ke wuyan duk wanda aka ɗora wa shugabancin kula da su a cikin unguwa.

Babu unguwar da ba ta da su. Tun daga Kodjoviakopé, inda iyaka ce kawai ta raba mu da Aflao, har zuwa Agoè-Zongo inda aka mayar da mutanen tsohon zangon Lome a 1977, za ka tarar da gidan da ake saurin rufe wani ɗaki da zarar baƙo ya yi sallama. Wata ciwon ya same ta ne bayan haihuwa, wani bayan karayar arziki, wani Tramol da wiwi ne suka juya masa kai, wani kuwa haka kawai abin ya taso masa yana tsakiyar samartakarsa. Iyaye su sha wahala har su gaji, daga nan sai a koma ga mari ko turu, ko kuma a bar mutum ya shiga gari yana kwana a bakin kasuwa.

To, gwamnati tana da asibitin Zebe da ke Aneho, kimanin kilomita 45 gabas da Lome, wanda shi ne babban asibitin wannan ciwo a ƙasar nan. Amma ƙidayar 2022 ta nuna mutanen Togo sun haura miliyan 8, ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa kuwa 'yan ƙalilan ne. Ko da an dace an sami gado, asibiti yakan kwantar da ciwon ne ya sallami mutum, sai ya dawo unguwar da ya baro, cikin mutanen da suka gan shi ranar da yake jifa da ihu. Daga wannan ranar ne aikin jama'a yake farawa, kuma a nan ne ake bukatar shugaba.

Bari mu dubi wani mutum da ya yi wannan aiki kusa da mu. Grégoire Ahongbonon ɗan Jamhuriyar Benin ne, ba likita ba ne, facin taya ce sana'arsa a garin Buake na ƙasar Kodebuwa. Ya taɓa yin arziki har ya mallaki motocin tasi, daga baya komai ya rushe, har ya kai ga tunanin kashe kansa. Wajen 1990 ya soma bin masu taɓin hankali da ke yawo a titunan Buake, shi da matarsa suna kai musu abinci da ruwan sha. A 1994 ƙungiyarsa mai suna Saint Camille ta buɗe cibiyarta ta farko a garin, a 2004 ta buɗe wata a Avrankou cikin Benin, daga bisani kuma ta shigo Togo, inda ta buɗe cibiyoyi a Zooti da Sokode. Shi Kirista ne, amma ƙofarsa ba ta tambayar addinin mara lafiya. An san shi da shiga ƙauyuka yana datse sarƙoƙin da aka ɗaure mutane da su a jikin bishiya, har yakan ɗauki sarƙoƙin ya nuna a wuraren taro.

Datse sarƙa aikin yini ɗaya ne, kuma shi ne 'yan jarida suka fi son ɗauka a hoto. Abin da ya kamata shugabanninmu su lura da shi shi ne abin da ke biyo baya. A cibiyoyin nan ana ba mara lafiya magani mai sauƙin kuɗi har ya natsu, sannan a koya masa sana'a kamar saƙa, ɗinki, gashin burodi ko noma, sannan a mayar da shi gida, ya riƙa dawowa karɓar magani. Bugu da ƙari, da yawa daga cikin ma'aikatan wurin tsofaffin marasa lafiya ne da suka sami sauƙi. Wanda ya taɓa ɗanɗana mari ya fi kowa sanin yadda ake yi wa ɗaurarre magana.

Tun kafin shi, a 1954, Dokta Thomas Adeoye Lambo ya gwada wata dabara a Aro, kusa da Abeokuta a Najeriya. Maimakon a kulle marasa lafiya a asibiti, sai ya yi shawara da sarakunan ƙauyukan da ke kewaye, aka riƙa saukar da su a gidajen mutane, kowanne tare da wani ɗan'uwansa, da rana su je asibiti, da yamma su koma masauki. Ya kuma jawo masu maganin gargajiya ya yi aiki tare da su. Wannan mutumin daga baya ya zama mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. Idan muka duba da kyau, tsarin Lambo bai yi nisa da tsarin maigida da baƙonsa wanda aka gina zango a kansa ba, domin kuwa mu ma mun gaji saukar baƙo da tsaya masa har ya tsaya da ƙafarsa.

Sai dai akwai ɗaya gefen, wanda dole mu faɗa ko da ba daɗi. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a unguwar Rigasa ta Kaduna, suka fitar da maza da yara fiye da 300, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka a jiki. 'Yan makonni bayan haka aka sake gano irinsa a Daura. Iyaye ne da kansu suka kai 'ya'yansu waɗannan wurare, har suna biyan kuɗi, da niyyar a gyara musu su. A 2020 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa ana ɗaure masu taɓin hankali a ƙasashe 60 na duniya. Abin da ya haɗa irin waɗannan gidaje shi ne mutum ɗaya ne ke da wuƙa da nama, ƙofa a rufe, babu likita, babu mai shiga ya duba. Kowane shugaba da ya ƙi a sa masa ido, to hanyar da ya kama ke nan, komai kyawun niyyar da ya fara da ita.

Saboda haka idan sarkin zango da limamai da shugabannin ƙungiyoyinmu na maza da mata suka tashi kafa wani shiri na kula da waɗannan bayin Allah, ga abubuwan da muke ganin suna wuyan wanda aka ba ragamar.

Na farko, ya san iyakar iliminsa. Shugaba ba shi ne zai rubuta magani ba, ba shi ne zai ƙara ko ya rage ba. Aikinsa ya ƙulla alaƙa da likita ko ƙwararren ma'aikacin jinya wanda zai riƙa ganin mutanen a kan lokaci. Addu'a da ruƙiyya suna da matsayinsu a zukatanmu, kuma babu mai hana su, amma kada a ce wa mara lafiya ya ajiye ƙwayarsa saboda an fara yi masa tofi. Malamin da ya yarda a haɗa biyun abokin aiki ne, a jawo shi a jiki kamar yadda Lambo ya yi.

Na biyu, kada magani ya yanke. Yawancin waɗanda ciwon ke dawo musu, binciki za ka tarar sun daina shan magani ne, ko don kuɗi sun ƙare, ko don sun ji sauƙi sun ɗauka sun warke, ko kuma don maganin yana wahalar da su. Tsofaffin magunguna irin su Largactil da Haldol sukan sa jiki ya sandare, hannu ya yi rawa, barci ya yi yawa. Wannan ba sabon ciwo ba ne, kuma likita yana iya gyara adadin ko ya ƙara wani maganin da zai sassauta. Akwai ma allurar da ake yi duk bayan mako biyu zuwa huɗu ga wanda shan ƙwaya kullum ke yi wa wuya. Shugaba ya tanadi littafi mai ɗauke da ranar da kowa zai koma asibiti, ya kuma ware asusu, ko da ta hanyar adashi ko wani kaso na sadaka ne, domin kuɗin magani da na zemijan. Mu da ke bakin iyaka muna da ƙarin matsala, domin mutum yakan karɓi takarda da Faransanci a Lome, wani watan kuma dangi su kai shi ɓangaren Gana a rubuta masa wata da Ingilishi, ya haɗa biyun yana sha alhali maganin ɗaya ne da suna biyu. A riƙa tafiya da duk takardun a nuna wa likita.

Na uku, rufin asiri. A zango labari ba ya kwana. Idan sunan yarinya ya fita daga littafin shiri ya shiga bakin mata a gidan suna, to an kashe mata aure, kuma babu uwar da za ta sake kawo 'yarta. Littafin ya zauna a hannun mutum ɗaya ko biyu. Kada kuma a ɗauki hoton mara lafiya a watsa a WhatsApp da sunan neman taimako ba da yardarsa ba.

Na huɗu, sana'a da komawa cikin mutane. Wanda ya sami sauƙi amma yana zaune a ƙofar gida daga safe har dare, yara na tsokanarsa, bai gama warkewa ba. Shugaba ne zai taka da ƙafarsa ya je wurin tela, ko mahauci, ko mai shago a kasuwa, ya ce ga yaron nan, ni na tsaya masa. Shi ne kuma zai fara miƙa masa hannu a masallaci, ya zauna kusa da shi a wurin ɗaurin aure, domin abin da babba ya yi shi na ƙasa ke kwaikwayo. Haka nan ya koya wa mutanen gida alamun dawowar ciwo, kamar rashin barci na kwanaki, ƙin cin abinci, keɓe kai da yawan zargi, don a garzaya asibiti tun abin bai yi nisa ba. Wanda kuwa ya fara zancen kashe kansa, kada a ɗauka wasa ne, kada kuma a bar shi shi kaɗai.

Na biyar, ƙofa a buɗe, lissafi a fili. A kafa doka tun ranar farko cewa babu mari, babu bulala, babu horo da yunwa. Dangi su iya shiga duk lokacin da suka so. Kuɗin da aka tara a karanta shi a gaban jama'a, sefa nawa ya shigo, nawa ya fita. A sa mata a cikin kwamiti, domin su ne ke ɗauke da yawancin wahalar jinya, kuma mace ta fi sakin jiki da 'yar'uwarta. A sa wanda ya taɓa yin ciwon ya sami sauƙi, a riƙa jin ta bakinsa.

Daga ƙarshe, shugaba ya tuna shi ma mutum ne. Hausawa na cewa babba juji ne, to amma juji ma yakan cika. Masu aikin sa-kai suna gajiya, wani lokaci a zage su, wani lokaci wanda suka yi wata shida suna bi ya koma gidan jiya. A riƙa ba su hutu, a riƙa sauya hannu. Mu kuma mutanen fatauci ne, yau kana Lome gobe kana Kumasi ko Kano, don haka shirin da ya dogara ga mutum ɗaya yakan mutu ranar da mutumin ya hau mota. Tun yana kan kujera ya horar da wanda zai gaje shi, ya nuna masa littafi, ya gabatar da shi ga likita.

Muna kira ga masu unguwanni da limamanmu da su sa wannan magana a cikin zamansu na gaba, su fara da ƙirga gidajen da ke da mai irin wannan larura, cikin sirri da mutunci. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba masu jinyarsu haƙuri da lada. Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba, idan mai kowa mai komai ya kai mu.