FILIN YARA: Bencin da gara ta ci

Ga filin yara ya sake zagayowa. Labarin wannan wata ƙagagge ne, amma irinsa yana faruwa a makarantu da yawa. Wanda ya iya karatu ya tara yaran gida bayan sallar isha'i, ya karanta musu sannu sannu.

A wani ƙauye na ƙasar Guci, cikin gundumar Dungas, an yi wani yaro ana ce da shi Laminu. Shekararsa 9. Ubansa manomi ne. Da damina yana noman hatsi, da rani yana aikin garkar rake da rogo a bakin korama. Laminu yaro ne mai jiki. Haka Allah ya yi shi, haka kakansa ma yake. Abincin gidansu irin na kowa ne: fura da rana, tuwo da dare.

Da aka buɗe lakwal cikin watan Oktoba, mushe ya zaunar da shi benci guda da Buba. Buba ɗan makiyaya ne, daga ruga yake zuwa a ƙasa. Siriri ne ƙwarai. Tun bara ƴan aji suka sa masa suna Tsinke. Laminu kaɗai ke kiransa da sunansa na yanka. Kowace safiya Laminu yana kawo masa gaɓar rake, shi kuma yana kawo wa Laminu nono cikin ɗan gora. Buba ya fi gane lissafi, Laminu ya fi gane karatu. Suna taimakon juna.

Ran wata Talata, mushe yana rubutu a babban allo, sai ƙafar bencinsu ta karye. Su biyu suka zube ƙasa. Aji ya ɗauki dariya. Wani babban yaro mai suna Ilu ya ɗaga murya ya ce: "Randa ta karya benci!"

Buba yana kwance ƙasa, idonsa ya kai ga ƙafar da ta karye. Cikinta rami ne, cike da jar ƙasa. Gara ce ta cinye ta. Ya buɗe baki zai faɗa, sai ya lura da abu guda: yau babu wanda ya ce masa Tsinke. Duk an koma kan Laminu. Ya rufe bakinsa. Har ma ya yi dariya tare da su. Laminu kuwa ya gan shi.

Tun daga ranar sunan Randa ya bi Laminu. Idan an fito shan iska, a hana shi wasan ƙwallo. Wannan ya tsunkule shi a ciki, wancan ya kwaikwayi tafiyarsa. Har waƙa suka yi masa, suna rakiyarsa da ita zuwa rijiya. Mushe kuma ya aika wa ubansa cewa ya biya kuɗin gyaran benci.

Laminu ya daina shan furarsa. Uwarsa ta ce: "Laminu, ko ba ka da lafiya?" Ya ce: "Na ƙoshi, Inna." Da dare ya ci loma biyu ya tsame hannu. Yana zaton idan ya rame za su bar shi. Bai rame ba, sai jiri da ciwon kai. Karatun da ya fi kowa a cikinsa ya fara gagararsa.

Daga nan sai ya fara ɓuya. Da safe ya ɗauki jakarsa kamar mai tafiya lakwal, ya ratse ya shige cikin rake, ya zauna har rana ta yi tsaka. Kwana 6 yana haka. Ran na bakwai ubansa ya same shi. Bai tambaye shi komi ba, ya zane shi da tsumagiya. Ya ce: "Ga biyan benci, ga lalaci! Tunda ba ka son boko, ga garka nan tana jiranka. Na fitar da kai."

Labari ya kai ruga. Daren nan Buba bai yi barci ba. Ya san idan ya yi magana, Ilu zai dawo kansa. Ya kuma san idan ya yi shiru, Laminu ya bar karatu ke nan har abada.

Da safe ya zagaya bayan aji inda aka yar da bencin. Ya ɗauko karyayyar ƙafar, ya shiga da ita, ya tsaya gaban mushe, jikinsa yana rawa. Ya ce: "Mushe, ba Laminu ya karya benci ba. Gara ce. Tun ranar na gani, na ƙi faɗi."

Ilu ya ce: "Ji Tsinke!" Wasu suka fara dariya. Buba bai koma wurin zamansa ba. Mushe ya karɓi icen, ya matse shi da yatsa biyu, sai ya ruguje kamar busasshen kara. Aji ya yi tsit. Mushe ya ce: "Ko ɗan akuya ya hau wannan benci sai ya karye. Ni ma na yi kuskure, da ban duba ba na ɗora wa yaro laifi." Sa'an nan ya kafa doka: a cikin aji da wajensa, kowa za a kira shi da sunan da aka raɗa masa ranar suna.

Da la'asar mushe da Buba suka tafi garka. Mushe ya yi sallama ya ce: "Malam, ga abin da ya karya benci. Ba ka da biyan ko dala. Ɗanka ba malalaci ba ne, korarsa aka yi da baki." Uban ya daɗe yana duban icen. Can ya ce: "Ashe dukansa na yi ban tambaye shi ba."

Laminu ya dubi Buba ya ce: "Kai ma ka yi dariya." Buba ya ce: "Na yi. Tsoro na ji. Ka yafe mini." Laminu bai amsa ba. Kashegari ya koma lakwal, suka zauna kan tabarma guda, ba wanda ya ce da wani uffan. Sai a rana ta uku Buba ya buɗe jakarsa, ya tarar da gaɓar rake a ciki.

Ilu bai daina tsokana a rana guda ba. Amma yanzu idan ya ce Randa, sai Buba ya ce: "Sunansa Laminu." Idan ya ce Tsinke, sai Laminu ya ce: "Sunansa Buba." Sannu sannu wasu yara suka bi bayansu. Da Ilu ya ga babu mai taya shi dariya, sai ya gaji ya bari.

GARE KU IYAYE

Wannan cuta ba a ƙasar Guci kaɗai take ba. A shekarar 2019 hukumar UNESCO ta ba da labari cewa a duniya kusan ɗan makaranta 1 cikin 3 yana shan tsangwamar ƴan'uwansa. Abin da aka fi yi wa yara gori a kansa shi ne kamannin jikinsu. Don haka tun 2020 aka keɓe Alhamis ta farko ta watan Nuwamba domin yaƙi da cin zalin yara a makaranta. Ƙasarmu Nijar kuma tun 1990 ta amince da yarjejeniyar duniya ta kare haƙƙin yara.

Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Sunan ba'a yana iya fitar da yaro daga makaranta kamar yadda yunwa ko nisan hanya ke fitar da shi. Saboda haka:

1. Idan yaro ya fara ƙin lakwal, ko ya bar cin abinci, a tambaye shi dalili cikin lallashi kafin a ɗauki bulala.

2. A je a ga mushe, ko a kai maganar gaban kwamitin iyayen yara. Kada a jira ƙarshen shekara.

3. Kada manya su fara sa wa yaro sunan ba'a a gida. Abin da yara suka ji a zaure, shi suke kaiwa aji.

4. Kada a hana yaro abinci don a ce ya yi ƙiba. Yaro mai tasowa yana bukatar hatsi, wake, nono da ganye.

5. Ƙiba daban, kumburi daban. Idan ƙafafun ƙaramin yaro sun kumbura, a danna bayan kowace ƙafa da babban yatsa, a ƙirga 1, 2, 3. Idan an ɗaga yatsa rami ya tsaya a ƙafa biyun, wannan alamar tamowa ce mai tsanani. A kai shi likita a ranar.

TAMBAYOYI GA YARA

Mene ne ya hana Buba magana ranar da benci ya karye? Wane kuskure mushe ya yi, wane ne uban Laminu ya yi? A ajinku akwai wanda aka daina kira da sunansa? Wa zai fara kiransa da shi gobe?

A tattauna waɗannan tambayoyi a gida da wurin yaƙi da jahilci. Wanda ya rubuta amsa ya ba malaminsa ya aiko wa jarida. Sai wata mai kamawa, in Allah ya kai rai.