Taron bita ko tausa?

Jama'a, ku taya ni duba wannan. Wani kamfani ne ke tallata wa manyanmu "taron bita" na kwana biyar a Stellenbosch, can Afirka ta Kudu, kimanin kilomita 50 daga Cape Town, yankin da ya yi suna wajen noman inabi da matsar giya. Jadawalin kuwa: lacca da safe, sai tausa, sai wankan tururi, da yamma a zaga gonaki ɗanɗana giya. Wai sai jiki ya saki kafin ƙwaƙwalwa ta yi aiki. To fa!

Ni ban ƙi hutu ba. Wanda ya tara kuɗinsa ya je a murza shi har ya yi barci, ba ruwana. Amma da kuɗin gwamnati? Ga alawus da dala, ga otal, ga tikitin jirgin da shi kaɗai ya cinye albashin masinja na wata da watanni, mutumin da yake kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000.

Na san za a ce "ai mu ba ma sha, taro ya kai mu". Na yarda, Alhaji. To me ya hana a yi taron a ASCON ta Badagry? In ruwan ɗumi ake so, ga Wikki can a Yankari, ba biza ba dala.

A 2024 Tinubu ya dakatar da tafiye-tafiyen jami'ai waje da kuɗin gwamnati na wata uku. Wata ukun sun wuce tuni, takardar kamfanin nan kuma tana kan teburin oga, sa hannu kawai take jira.