Tsohuwar Madatsa Da Hukuncin Garu Mai Karkata

 Ku tuna da Bagauda. Madatsa ce ta ƙasa wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Baƙo a ƙasar Bebeji, har aka kafa masauki a bakinta inda manya ke zuwa shan iska a wancan lokacin. Cikin watan Agusta na 1988 ruwa ya fi ƙarfinta, ta ɓalle, ta ci gidaje da gonaki da rayuka. Ita fa ta hukuma ce, da ma'aikatanta. To, ina ga wadda wani attajiri ya tare a gonarsa don kifi da hutawa, ya rasu, magada suka zuba mata ido suna jiran rabo?

Ku sani, madatsar ƙasa ba ta mutuwa rana ɗaya. Itace ya tsiro a bayanta, a ƙyale shi don inuwa, saiwarsa ta ratsa gini. Ran da ya bushe, saiwar ta ruɓe ta bar wa ruwa hanya. Gara da gafiya su yi nasu aikin a ɓoye. Mafitar da aka yanka don ruwa ya wuce in ya cika, kacala da yashi su toshe ta. Alamar da ta fi ban tsoro ita ce ruwa mai tsattsafowa daga gindinta ta baya. In garau yake, da sauƙi. In ya fito da laka, to cikinta yake ci.

Mai ita yana kan tudu, hasarar kuwa ta masu gero da shinkafa ce a gangare.

Malamanmu na Malikiyya sun yi magana kan garun da ya karkata: in an gargaɗi mai shi gaban shaidu, ya sami halin gyara bai gyara ba, abin da ya faɗa wa ya halaka lamuninsa yana wuyansa. A ganina madatsa ba ta fita daga wannan ƙiyasi ba, magada kuma sun gaje ta har da nauyinta.

Saboda haka maƙwabta su kai magana gaban dagaci tun da rani, a rubuta, a sa shaidu. Lokacin nan ruwa ya ja baya, ana iya sare itatuwa, a cike ramuka da yumɓu a daddaɓe, a yashe mafita. Wanda ba shi da halin gyara, ya rage ruwan sannu sannu kafin watan Yuni.