Ba kowane zane mai juyawa ba ne tagwayen dijital

Kwanan nan maganar "tagwayen dijital" ta zama ruwan dare a tallan kamfanonin fasaha. Da zarar an zana gini a kwamfuta, kana juya shi da yatsa a fuskar waya, sai a ce maka ga ɗan tagwayen ginin. A ganina wannan cika baki ne, kuma duk matashin da ke son koyon kimiyyar bayanai ya kamata ya gane bambancin kafin ya biya kuɗin kwas ɗin da zane kawai za a koya masa.

Ka ɗauka Hassan injin jirgin sama ne, Hussaini kuma kwafinsa ne da ke zaune cikin kwamfuta. Abin da ya mai da su tagwaye shi ne jin labarin juna a kai a kai. An manna wa Hassan ƙananan na'urori masu auna zafi da girgiza da matsin mai, suna tura wa Hussaini abin da suka auna. Hassan ya ɗau zafi, nan take a gani a jikin Hussaini. Daga nan injiniya zai gwada wa Hussaini abin da ba zai kuskura ya gwada wa Hassan ba: idan aka ƙara masa awa 500 ba gyara, wane ƙarfe ne zai fara gajiya? Haka Rolls-Royce ke bibiyar injinansa. Kuma kowane inji da nasa Hussainin, domin wanda ke shaƙar ƙurar hamada ba zai tsufa kamar wanda ke yawo a ƙasashen sanyi ba, ko da rana ɗaya aka ƙera su.

Tunanin ma ba sabo ba ne. Michael Grieves ya gabatar da shi a Jami'ar Michigan ta Amurka a 2002, sunan kuma ya fito daga John Vickers na hukumar NASA a 2010.

Akwai abin da ya yi kusa da wannan a aljihunka. Jan layin da Google Maps ke nunawa a kan titi yana fitowa ne daga wayoyin mutanen da suka maƙale a cunkoso. Titin na aika labari, taswirar na sauyawa, kai kuma ka sauya hanya. Idan bayanan suka tsaya, ko na'urar awo ta fara ƙarya, Hussaini zai ci gaba da ba da amsa, amma amsar jiya ce. Shi ya sa wahalar aikin take wajen tattara bayanai da tace su, ba wajen ƙawata hoto ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar da kai ne Hassan ɗin. Agogon da ke ƙirga bugun zuciyarka da barcinka ya riga ya fara tara kayan gina Hussaininka, a rumbun kamfanin da ba ka taɓa karanta sharuɗɗansa ba kafin ka danna "na amince".