Kada a gaggauta yaye yaro daga kujerarsa ta mota

Duk wanda ya tsaya bakin wata lakkol a Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram da ƙarfe bakwai da rabi na safe, zai ga yadda ake kawo ƙananan yara cikin motoci. Wani yana tsaye tsakanin kujerun gaba biyu, yana dafe da kafaɗar ubansa. Wani yana bisa cinyar uwarsa a gaba. Wani kuwa ya leƙo da kai ta taga yana ɗaga wa abokansa hannu. Kaɗan ne cikin motocin nan aka girka wa kujerar yara, kuma uwayen da suka saye ta sun cancanci yabo. Amma ko a wurinsu akwai kuskuren da ya zama ruwan dare: da yaro ya fara gudu da surutu sai a ce ya girma, a fidda shi daga kujerar da ke riƙe shi, a aza shi bisa matashin ƙarin tsayi, ko ma a ɗaura masa ɗamarar manya kai tsaye. Wannan gaggawa tana da haɗari, kuma ya dace a bayyana dalilinsa filla-filla.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta bayyana cikin rahotonta na 2023 cewa haɗarin hanya yana kashe mutum kusan miliyan 1 da dubu 190 kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da samari ƴan shekara 5 zuwa 29. Ba sai mota tana gudun fitar hankali ba. Motar da ke tafiyar kilomita 50 a awa, in ta yi karo da abin da ba ya motsi, wanda ke cikinta ba a ɗaure ba tamkar ya faɗo ne daga tsayin mita 10. A wannan ƙiftawar ido, babu hannun uwa, komi ƙaunarta, da zai iya riƙe jariri. In kuwa ita ma ba ta ɗaure ba, nauyin jikinta ne zai matse shi. Hukumar ta ce kujerar yara tana iya rage mutuwar jarirai a haɗari da kashi 71 cikin 100.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne, ɗamarar mota an auna ta ne da jikin babba. Injiniya Nils Bohlin na kamfanin Volvo, a ƙasar Suwed, shi ya fito da ita a 1959 da siffar da aka san ta yau: igiya ɗaya ta ratsa kafaɗa da ƙirji, ɗaya ta kwanta bisa ƙashin ƙugu, domin waɗannan ƙasusuwa ne masu jure fizga. Jikin yaro kuwa wani abu ne dabam. Kan jariri ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa, wuyan da ke ɗauke da shi bai yi ƙwari ba, ƙashin ƙugunsa kuma ba ya gama fitowa sai wajen shekara goma. In aka ɗaura wa ƙaramin yaro ɗamarar manya, igiyar sama takan hau wuyansa, ta ƙasa kuma ta hau cikinsa. Ranar karo sai ya sulale ƙarƙashinta, ta datse hanji da hanta da saifa, wani lokaci har ƙashin baya. Uwaye sun saba saya wa yaro rigar salla da ta ɗan fi shi, domin ya girma cikinta. Wannan dabara ta tattalin gida ba ta aiki ga ɗamarar mota.

Saboda haka aka ƙera abubuwa biyu, kowane da aikinsa. Na farko ita ce kujerar yaro mai maɗauranta: igiyoyi ne da ke riƙe shi a wuri biyar, kafaɗu biyu, ƙugu hagu da dama, da tsakanin ƙafafu, su haɗu a maɓalli ɗaya. Kamar goyo ne da aka tamke da majanyi. Yaro ko ya yi barci, ko ya yi ƙiriniya, yana nan inda aka ajiye shi. Na biyu shi ne matashin ƙarin tsayi, wanda masu shaguna ke kira « rehausseur » da faransanci, kuma Volvo ne ya fara fito da shi a 1978. Shi ba ya riƙe yaro ko kaɗan. Aikinsa kawai ya ɗaga shi sama, domin ɗamarar mota ta faɗa inda ya kamata. Ke nan duk yaron da aka maida bisa matashi, an rage masa kariya ne, an kuma ɗora masa nauyin zama tsaf da kansa. Abin da uwaye da yawa ke ɗauka ci gaba, a gaskiya sassauci ne, kuma ba a yin sa sai in dole ta sa.

Matakin farko shi ne kujerar da ke duban baya. Wani malamin jami'a na Suwed, Bertil Aldman, ya kawo wannan shawara a 1964, bayan ya lura da yadda ƴan sama jannati ke kwanciya rigingine lokacin da kumbo zai tashi, domin bayansu duka ya ɗauki ƙarfin turawa. Haka nan in aka yi karo ta gaba, yaron da ke duban baya kujera ce ke tallabe kansa da wuyansa da bayansa gaba ɗaya. Ƙa'idar R129, wadda ta fara aiki a Turai a 2013, ta hana juya yaro gaba kafin wata 15. A Suwed kuwa al'ada ce a bar shi yana duban baya har shekara huɗu. Likitocin yara na Amurka, tun 2018, shawararsu ita ce a bar shi haka har sai ya wuce iyakar tsayi ko nauyin da aka rubuta a jikin kujerar. Ƙafafun da suka lanƙwashe ba dalilin juyawa ba ne. Wajibi ne kuma a sani cewa irin wannan kujera ba a aza ta a gaba in jakar iska ta wurin tana aiki, domin fashewarta na iya kashe jariri nan take.

To, yaushe ne yaro zai bar kujera mai maɗaurai ya hau matashi? Amsar tana wurin sikeli da ma'aunin tsayi. Tsohuwar ƙa'idar R44, wadda aka daina sayar da sababbin kujerunta a Tarayyar Turai tun Satumba 2024 amma har yanzu kayanta suna hannun jama'a, ta kasa yara bisa nauyi: kujera mai maɗaurai daga kilo 9 zuwa 18, matashi daga kilo 15 zuwa 36. Sabuwar ƙa'idar tana duban tsayi, kuma ba ta yarda da matashi ba kafin santimita 100. Waɗannan alƙaluma ƙasan iyaka ne. Wanda ya kai kilo 15 kuma har yanzu kujerarsa tana ɗaukarsa, zamansa cikinta ya fi. Alamun cewa ya fi ƙarfinta a fili suke: in kafaɗunsa suka wuce ramin igiya na can sama, ko saman kunnuwansa ya kai bakin kujerar, ko nauyinsa ya wuce abin da aka rubuta. Bayan jiki akwai hankali. Yaron da ke zare igiya daga kafaɗa ya tura ta bayansa, ko ya sunkuya ɗaukar takalmi mota na tafiya, ko ya zube gefe da barci, lokacinsa bai yi ba. Da wuya yaro ya cika waɗannan sharuɗɗa kafin shekara huɗu, wasu ma sai sun kai biyar ko shida.

In lokacin ya yi, matashi mai jingina ya fi wanda ba shi da ita, domin yana kare kai in aka bugi mota ta gefe, yana kuma tsare igiya bisa kafaɗa. Tun 2017, sababbin samfurin matashi maras jingina ba a amince da su a Turai sai ga yaron da ya kai santimita 125 da kilo 22. Kowane iri ne, yana bukatar ɗamara mai igiyar kafaɗa da ta ƙugu. A tsofaffin motoci da yawa, wurin zaman tsakiya na baya igiyar ƙugu kaɗai gare shi. Nan ba a aza matashi.

Barin matashin ma ba a yi masa hanzari. A Faransa doka ta wajabta abin zaman yara har shekara 10. A Ingila har shekara 12 ko santimita 135. A Jamus har shekara 12 ko santimita 150. Gwajin da kowane uba zai iya yi a ƙofar gida shi ne ya zaunar da yaro a kujerar baya ba matashi. In bayansa ya jingina sosai, gwiwoyinsa suka lanƙwashe daidai bakin kujera, igiyar ƙasa ta kwanta bisa cinyoyi, ta sama ta ratsa tsakanin wuya da kafaɗa, kuma zai iya zama haka har ƙarshen tafiya, to ya isa ɗamarar manya. In ɗaya ya kasa, a maida masa matashinsa. Ko bayan haka, wurin yaro baya ne har ya kai shekara goma sha biyu ko sha uku.

Akwai kuma abin da ya shafi halin ƙasar nan. Yawancin motocin da ke yawo a Nijar tsofaffin hannu ne da suka shigo ta tashoshin jiragen ruwa na maƙwabta, kuma waɗanda aka ƙera don Turai tun 2014 suna da ƙarafan ISOFIX ɓoye cikin kujerar baya, inda ake maƙala kujerar yaro ba tare da kuskure ba. Masu motoci da yawa ba su san da su ba. Hannu kawai za a zura tsakanin mazauni da jingina a lalubo su. Kujerar gwanjo kuwa tana bukatar lura: wadda ta taɓa shiga haɗari, ko ta tsage, ko takardar shaidarta ta goge, ba abin dogaro ba ce. Ranar bazara tana busar da roba, tana kuma gasa maɓallin ƙarfe har ya ƙona fata, don haka a riƙa lulluɓe kujera da zane in an ajiye mota. Lokacin ɗari, a tuɓe wa yaro rigar sanyi mai kauri kafin a ɗaure shi, a ja igiya har ta ƙi tsunkuwa da yatsa biyu, sa'an nan a rufa masa bargo bisa.

Wasu za su ce kujera tana da tsada, ƴaƴa kuma suna da yawa. Maganar gaskiya ce, kuma ita ce ke sa a sauke wa domin ƙane ya hau. Amma magidancin da ya iya sayen mota, yana zuba mata mai kowane mako, yana canza taya, ya kamata ya lissafa kujera cikin kayan motar. Kujera ɗaya mai kyau tana iya ratsa yara biyu ko uku a gida ɗaya, kuma kuɗinta bai kai na jinyar karaya ba. Tafiyar Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ce, da manyan motoci da dabbobi bisa hanya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Nauyin bai tsaya kan uwaye kaɗai ba. Hukumar kiyaye haɗarin hanya, ANISER, da makarantun koyon tuƙi ya dace su sa wannan darasi cikin faɗakarwarsu, da harsunan ƙasa, a rediyo da talabijin. Ma'aikatan lafiya da ke auna nauyi da tsayin yara a wurin awo su ne suka fi kowa dacewa su gaya wa uwa mai mota matakin da ɗanta yake. Masu shaguna kuma su tambayi nauyi da tsayin yaro kafin su sayar, kada su miƙa wa uban ɗan shekara biyu matashi don kawai ya fi araha.

Uwar kirki ba ta yaye ɗanta don maƙwabta sun ce ya girma. Takan duba jikinsa da ƙarfinsa. Haka ya kamata a yi da kujerar mota. Kafin tafiya ta gaba, kowane magidanci ya auna ɗansa, ya karanta abin da aka rubuta a jikin kujerar, in kuwa yaron bai kai iyaka ba, a bar shi cikinta.