Baƙin Hayaƙin Tsofaffin Manyan Motoci: Ina Gyara Yake?

Duk ma'aikacin da ya yi sammakon zuwa ofis ta cikin Nassarawa GRA a Kano, da wuya bai taɓa bin bayan wata tsohuwar tankar ruwa ko tifar yashi tana tuttula masa baƙin hayaƙi ba. Da yawa daga cikin motocin nan ƙirar Mercedes 911 ne, irin waɗanda aka riƙa shigowa da su tun kafin kamfanin ANAMMCO na Inugu ya fara harhaɗa manyan motoci a 1981, a zamanin da NTM ta Kano ke haɗa Fiat, Steyr kuma tana Bauci.

Abin da masu motocin ba su cika lura da shi ba shi ne, hayaƙin nan man dizal ne wanda bai gama ƙonewa ba, watau kuɗi ne ke fita ta salansa. A da ana iya kau da kai, amma tun daga 2022 da farashin dizal ya ninka, har lita ta haura naira 1,000 a 2023, kowace asara tana komawa kan kuɗin tankar ruwa da buhun hatsin da aka ɗauko daga Dawanau.

Injin OM352 da ke cikin 911 mai silinda shida ne, ƙarfinsa kimanin doki 130. Idan ya fara kasala, abin da wasu makanikai kan yi shi ne su buɗe famfon mai don ya ƙara zuba dizal. Wannan kuwa kuskure ne, domin iskar da ke shiga ba ta ƙaru ba. Sai mota ta ƙara shan mai, inji ya ɗau zafi, fistin da ringi su ci wuya. Sau da yawa ma laifin na matatar iska ne, wadda ƙurar hunturu kan toshe cikin 'yan makonni. Bayan ita sai nozul: in bakinsa ya cinye, ɗigo yake yi maimakon feshi, kuma ba a gane haka da ido, sai an ɗora shi a na'urar gwaji. Daidaita bawul da lokacin fesa mai aikin yini guda ne. Haka nan al'adar cire abin da ke daidaita zafin ruwan lagireto, wai don ƙasarmu da zafi, tana hana inji kaiwa zafin da yake ƙona mai sosai.

Akwai masu ba da shawarar a ɗora turbo, tunda samfurin OM352A mai turbo yana kai doki 168. Gaskiya ne, amma kamfanin ya sake wasu kayan ciki kafin ya yi haka, kuma injin da ya shekara arba'in bai cika jure ƙarin matsi ba. Batun iskar gas ta CNG, wadda Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirinta a 2023, shi ma sai injin da ke da lafiya, domin na dizal ba ya amfani da fulogi, dole a haɗa masa man biyu ko a sake masa tsari.

Saura matsalar jabun kayan gyara da gurɓataccen mai na bakin hanya. Mai motar da ya sayi nozul mai araha a Ƙofar Ruwa ba tare da an gwada masa ba, yakan koma gareji kafin damina ta wuce.