Motocin Lantarki a Borno: Caji Ya Wuce Maiduguri

A watan Disambar 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da motocin haya da Gwamna Babagana Zulum ya saya, ciki har da tasi masu amfani da lantarki, watanni kaɗan bayan janye tallafin man fetur ya tsawwala kuɗin mota. Wannan jarida ta yaba da matakin.

Sai dai sayen mota shi ne mai sauƙi. Motar lantarki ba ta wuce iyakar batirinta, kuma direban da zai kama hanyar Biu, tafiyar sama da kilomita 180, ba zai ɗauki fasinja ba sai ya tabbatar akwai inda zai yi caji kafin ya juyo. Muddin tashoshin caji suka taru a babban birni, mutanen Bama, Monguno da sauran ƙananan hukumomin jihar za su ci gaba da biyan tsadar fetur alhali da harajinsu aka sayi motocin.

Wutar ma abin dubawa ce. Jama'ar Maiduguri ba su manta da 2021 ba, lokacin da 'yan tayar da ƙayar baya suka tarwatsa turakun layin lantarki aka shafe watanni cikin duhu. Tashar da ta dogara da wannan layin kaɗai ranar irin wannan ta zama kango.

Don haka muna kira ga gwamnatin jihar ta kafa wuraren caji masu aiki da hasken rana a manyan tashoshin mota na kowace shiyya, ta bayyana farashin caji, sannan ta ware kuɗin gyara a kasafin kowace shekara.